Ƙwayoyin ciwon suga ko allurar insulin: wanne ya fi aminci ga mahaifiyarmu?

Uwar_Biyu_Malali:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan mahaifiyarmu, wadda shekarunta 67, kuma shekara 11 ke nan tana fama da ciwon suga. Tun da aka gano ciwon take shan ƙwayoyi iri biyu, metformin da glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, kuma ba ta taɓa wasa da su ba. A makon jiya muka kai ta ganin likita, aka ɗebi jini, da sakamako ya fito sai ya ce ƙodarta ta yi rauni, ya nuna mini wani wuri a takardar da aka rubuta eGFR, wato ma'aunin yadda ƙoda ke tace jini, lambar da ke gabansa kuwa 28 ce. Ya ce a dakatar da ƙwayoyin nan biyu, a koma allurar insulin. Da muka dawo gida sai kan 'yan uwa ya rabu. Babban yayanmu ya ce ba zai yarda ba, domin ƙanin mahaifinmu bai cika shekara da fara allurar ba ya rasa ganinsa, daga baya aka shiga wankin ƙoda, har Allah ya karɓi abinsa. Ita ma Hajiyar tun ranar ba ta da walwala, tana cewa an fid da rai da ita ne shi ya sa aka ce allura. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Don Allah masana, da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ku faɗa mini gaskiya: tsakanin ƙwayoyi da allura, wanne ne ya fi aminci ga jikin mutum?

Baban_Ummi_Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. A nawa ganin yayanku yana da hujja, domin ruwa ba ya tsami banza. A unguwarmu na san mutum uku da aka ɗora a kan allurar nan, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙara komawa daidai. Abin da muke ji shi ne idan jiki ya saba da ita to ba a rabuwa da ita har abada, ƙwaya kuwa mutum yana sha ya ci gaba da harkarsa. Ku nemi wani likitan ya sake dubawa kafin ku amince.

Sista_Barnawa:
Baban Ummi, neman ganin wani likita ba laifi ba ne, amma sauran maganar tana buƙatar gyara, kuma da girmamawa nake faɗin haka. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin kwanciya, abin da kuka gani a unguwa ni ma na gan shi, sai dai ni na ga farkonsa, wanda ku ba ku gani ba. Mafi yawan mutanenmu ba sa karɓar allura a lokacin da aka fara ba su shawara. Sai su yi shekara uku, huɗu, biyar suna guje mata, suna sauya kemis, suna sauya mai magani, alhali sugan yana sama yana cin jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa a hankali, ba tare da wani zafi da zai farkar da su ba. Ranar da yatsa ya fara ruɓewa ko ido ya dushe, ranar ce za su ce to a yi allurar. Bayan wata shida idan ɓarnar da ta riga ta auku ta fito fili, sai a ɗora wa allura laifi.

Insulin ba baƙon abu ba ne a jiki. Kowane mai lafiya jikinsa yana samar da shi dare da rana daga wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, kuma shi ne ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Ba ya bugarwa, ba kuma ya kama mutum irin kamun kayan maye. Wanda ya dawwama a kansa, jikinsa ne ya daina samar da isasshe. Na ga mutane da yawa da aka yi wa allurar na ɗan lokaci saboda tiyata, ko gyambon ƙafa, ko juna biyu, daga baya aka mayar da su kan ƙwaya ko ma aka dakatar gaba ɗaya bayan haihuwa. Dalilin da ya sa ba a ba da shi a ƙwaya kuwa shi ne, idan aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama.

Tsohon_Masaƙa_Kakuri:
'Yata, bari in ba ki labarin abin da ya same ni, domin gani ya kori ji. Shekaruna 72, kuma na yi shekara tara ina shan glibenclamide. Wata safiya cikin hunturu na sha maganina da ruwan shayi kawai, na fita da niyyar zan karya idan na gama wata tantancewa ta 'yan fansho. Layi ya yi tsawo. Wajen ƙarfe 11 sai na ji gumi yana keto mini duk da sanyin da ake yi, hannuna yana rawa har takardun da na riƙe suka zube, ina son in ce a ba ni wuri in zauna amma harshena ya yi nauyi. Waɗanda ke kusa da ni suka ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce, wani bawan Allah yana ta tofa mini addu'a a ka. Wata mai sayar da kunun zaƙi ce ta tambayi jikana ko ina da suga, da ya ce ƙwarai, ta sa aka ba ni kunu tun ina iya haɗiya. A asibiti aka sa mini ruwa na wartsake, na ce a sallame ni, likita ya ƙi. Ashe ya san abin da yake yi, domin cikin dare sugan ya sake faɗuwa, sai da na kwana biyu a gado. Ya bayyana mini cewa wannan ƙwayar tana daɗewa a jikin tsoho, musamman idan ƙoda ba ta tace ta da sauri, kuma tana ci gaba da matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Tun daga nan aka sauya mini zuwa gliclazide. Ban ce miki allura ta fi ba, domin ban taɓa yin ta ba. Amma tunda an ce ƙodar Hajiya ta yi rauni, kada ku bar ta a kan wannan ƙwayar don kawai an saba da ita.

Ɗan_Hayin_Banki:
To ni tambayata ita ce, ba metformin ɗin ba ne ya cinye mata ƙodar tun farko? Na sha jin ana cewa duk wanda ya daɗe yana shan sa ƙarshensa wankin ƙoda ne, ga shi kuma likitan da kansa ya ce a daina. Ni shekara biyu ke nan da aka rubuta mini shi, kuma gaskiya nakan yi kwanaki ban sha ba saboda wannan tsoron.

Likitan_Zaure:
Malam na Hayin Banki, don Allah ka koma kan maganinka yadda aka rubuta maka. Metformin ba ya lalata ƙoda. Abin da ke lalata ta shi ne sugan da ya daɗe a sama, da hawan jini, da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ba bisa ƙa'ida ba. Ana dakatar da metformin idan ƙoda ta yi rauni ne saboda ta ƙoda yake fita daga jiki, idan kuwa ta kasa fitar da shi sai ya taru, taruwarsa kuma na iya tsamar da jini, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa. Ƙa'idar da ake bi ita ce, idan lambar eGFR ta sauka ƙasa da 45 a rage shi, idan ta sauka ƙasa da 30 a daina. Ta Hajiya 28 ce, saboda haka likitanta bai kauce wa hanya ba. Ga mai lafiyayyar ƙoda kuwa, yana cikin magungunan da aka fi sanin halinsu, domin tun 1957 aka fara amfani da shi a Faransa. Shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da suga ƙasa da kima ba, kuma ba ya sa ƙiba. Abin da aka fi kuka da shi shi ne gudawa da tashin zuciya a makonnin farko, waɗanda ke sauƙi idan ana shan sa tare da abinci, sannan bayan shekaru yakan rage bitamin B12, don haka ake auna shi lokaci zuwa lokaci.

Uwar Biyu, tambayarki ba ta amsuwa da kalma ɗaya, domin ƙwayoyin suga ba iri ɗaya ba ne, kowanne da inda haɗarinsa yake. Abin da Baba na Kakuri ya ba da labari sanannen hali ne na glibenclamide, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Akwai rosiglitazone, wanda aka dakatar da sayar da shi a Turai a 2010 saboda fargabar illarsa ga zuciya. Pioglitazone yana tara ruwa a jiki, shi ya sa ba a ba mai raunin zuciya. Sababbi irin su empagliflozin da dapagliflozin suna fitar da suga ta fitsari, an kuma tabbatar suna kare zuciya da ƙoda, amma suna jawo ƙaiƙayin gaba, suna iya ƙarar da ruwan jiki, ga tsada. Shi insulin ba ya lalata hanta ko ƙoda. Babban haɗarinsa faɗuwar suga ce, sai kuma ƙarin ƙiba.

Game da zargin cewa allura ke makantarwa, an yi wani babban bincike a Birtaniya mai suna UKPDS a kan mutum fiye da 5,000, aka fitar da sakamakonsa a 1998. Waɗanda aka matsa wa sugansu ya sauka sosai, da ƙwaya ko da insulin, matsalolin ƙananan jijiyoyi irin na ido da ƙoda sun ragu a cikinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Binciken ya kuma nuna cewa ciwon yana ƙara ƙarfi da tafiyar shekaru, ta yadda maganin da ya ishi mutum da farko ba ya isarsa daga baya, ko da bai yi sakaci ba. Ki faɗa wa Hajiya wannan, domin ta san ba gazawarta ba ce, ba kuma fid da rai aka yi ba. Wani binciken mai suna ORIGIN, da ya fito a 2012, ya bibiyi mutum fiye da 12,000 na kimanin shekara shida, bai ga wani nau'in insulin mai suna glargine ya ƙara bugun zuciya ko ciwon daji ba, amma ya ga ƙarin faɗuwar suga. Abu ɗaya da zan yarda da yayanku a kai shi ne, idan suga ya daɗe a sama aka saukar da shi da gaggawa, gani kan yi hazo na wasu makonni, kuma wanda jijiyoyin idonsa suka riga suka taɓu abin kan iya ƙaruwa na ɗan lokaci. Saboda haka ku kai ta a duba mata bayan ido, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan kusa da ku a Mando.

Maman_Sadiq_Rigasa:
Likita, Allah ya saka da alheri, amma ina roƙon kada a wuce maganar faɗuwar suga da layi ɗaya, domin mu da muke kwana da ita mun san nauyinta. Ɗana yana da nau'in ciwon da ke kama yara, wanda ba shi da wani magani sai insulin, tun yana shekara takwas, yanzu yana 13. Ba domin wannan allura ba da tuni na binne shi, kuma kullum ina gode wa Allah da ya sa aka gano ta. Amma akwai daren da ba zan manta ba. Ya yi ƙwallo da yamma, na yi masa allurarsa yadda aka saba, ya ci tuwo kaɗan ya ce ya ƙoshi. Wajen ƙarfe biyun dare na ji yana wani irin gurnani, na haska fitila na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, idonsa a buɗe amma bai san ni ba. Na'urar gwajin suga ta nuna 41. Da yake yana iya haɗiya, na dama suga a ruwa na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, hannuna yana karkarwa, har ya kira sunana. Tun ranar ba na kwanciya sai da suga da cokali da na'urar gwaji a gefen katifa.

Abin da aka koya mana shi ne, idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, a ba da ƙaramin cokalin shayi uku na suga a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake aunawa, idan bai hau ba a ƙara, idan ya hau a bi da abinci. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, domin zai shaƙe, a kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Uwar Biyu, ban hana ku allura ba, amma kada ku fara sai akwai na'ura a gidan, da wanda ya iya amfani da ita, da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da Hajiya.

Mai_Kemis_Tudun_Wada:
Maman Sadiq ta yi gaskiya, sai dai a lura na'urori iri biyu ne a kasuwa. Wata tana auna da mg/dL, wata da mmol/L, kuma 70 a ta farko daidai yake da 3.9 a ta biyu, wato ana raba lambar da 18. Na ga wanda ya ga 16 a na'urarsa ya ɗauka sugansa ya faɗi ya sha lemo, alhali sugan ya kusa 300.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a shago shi ne sirinji. Akwai insulin mai ƙarfin 40 a kowace mililita, akwai mai ƙarfin 100, kuma kowanne da sirinjinsa. A jikin kwalba za a ga an rubuta U-40 ko U-100, haka ma a jikin sirinji, galibi na 40 murfinsa ja ne, na 100 kuma ruwan lemo. Idan aka zuƙi insulin mai 100 da sirinjin 40 har zuwa layin 10, to abin da ya shiga jiki 25 ne, ninki biyu da rabi ke nan. Idan aka yi akasin haka kuma mutum bai samu ko rabin maganinsa ba, sai a ce allura ba ta aiki. Sau da yawa yaro ake aikowa ya ce a ba shi sirinjin masu suga, ni kuwa ba na bayarwa sai an kawo mini kwalbar na gani da idona.

A ɓangaren ƙwaya ma muna ganin abin takaici. Mutum zai zo da kwalin da aka rubuta masa shekara shida da suka wuce ya ce a ba shi irinsa, bai ƙara ganin likita ba, bai taɓa auna ƙodarsa ba. Wani kuma maƙwabcinsa ne ya ce masa wannan yana da kyau. Ku riƙa duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ku guji maganin da ake tallarsa a rana a bakin kasuwa.

Hajiya_Unguwar_Sarki:
Ni fa ina ganin duk wannan wahala ce muke ɗora wa kanmu. Iyayenmu da shuwaka da zogale da garahuni suka rayu. Akwai wani haɗi da nake saya a gora, tun da na fara shan sa sugana ya sauka fiye da yadda ƙwayar asibiti ta taɓa saukar da shi. Me zai hana a jarraba wa Hajiya kafin a kai ga allura?

Sista_Barnawa:
Hajiya, ranki ya daɗe, zogale a miya ko a kwaɗo abinci ne mai kyau, babu mai hana shi. Amma haɗin gora da ba a san abin da ke ciki ba, ba na ba mai raunin ƙoda shawarar ya kusance shi. Saukar da sugan da kika ce yana yi da ƙarfi ita ce ma ta fi ba ni tsoro, domin a ƙasashe daban-daban an sha kama magungunan da ake sayarwa da sunan na gargajiya, aka auna aka tarar an zuba musu glibenclamide a ɓoye. Idan kina haɗa shi da ƙwayar asibiti, to kina iya shan magani ɗaya sau biyu ba ki sani ba. Ki tafi da gorar wajen likitanki ki nuna masa, kuma ki sa a auna miki ƙoda.

Baban_Ummi_Kawo:
Na karanta bayanin Sista da na Likita, kuma na yarda biyu daga cikin mutanen da na ambata sun riga sun jigata kafin su fara. Amma har yanzu akwai abin da ba a amsa ba. An ce allurar nan sai a firji, mu kuwa mun san yadda wuta take a garin nan, wani lokaci a kwana biyu ba a gan ta ba, ga zafin Maris da Afrilu. Maganin da ya lalace a kwalba ai ba za a kira shi mai aminci ba. Ƙwaya kuwa ko a aljihu ka sa ta tana nan.

Maman_Sadiq_Rigasa:
Baban Ummi, wannan damuwa ce ta gaskiya, amma ba ta kai yadda ake zato ba. Kwalbar da ba a buɗe ba ita ce ke son firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada a sa ta inda za ta daskare, domin wadda ta yi ƙanƙara ta lalace ko da ta narke. Wadda ake amfani da ita tana kai kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi da inuwa. Mu ba mu da firjin da za a dogara da shi, don haka nakan sa kwalbar a ƙaramar roba mai murfi, in ajiye ta a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, kuma ina sayen ta wata guda kawai. Idan na ga mai farin ruwa ta yi gurɓi, ko mai kama da madara ta yi gudaji bayan na murza ta a tafin hannu, ba na amfani da ita.

Likitan_Zaure:
Dabarar Maman Sadiq tana da madogara. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva sun fitar da wani bincike da suka yi bisa yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin ɗin da ake amfani da shi bai rasa ƙarfinsa ba har tsawon mako huɗu. Wannan ba izini ba ne na barin sa a mota ko a taga. Sannan ina ƙara wa Uwar Biyu wani abu: raunin ƙoda yana sa shi kansa insulin ya daɗe a jiki, don haka a irin Hajiya da kaɗan ake farawa, kuma ba a matsa wa tsoho sai sugansa ya yi daidai da na saurayi. Akwai kuma ƙwaya irin linagliptin da ake iya ba mai raunin ƙoda ba tare da an rage ta ba, amma ko za ta wadatar ya danganta da yadda sugan ya kai, wanda gwajin HbA1c ke nunawa, wato matsakaicin sugan wata uku. Wanda ya gan ta ya riƙe takardunta shi zai yanke wannan, ba ni da ke karantawa a waya ba.

Direba_Mando:
Ni direban mota ne tsakanin Kaduna da Kano, kuma abincina ba shi da lokaci, wata rana sai na sauke fasinja nake karyawa. Da likita ya so ya ƙara mini magani na faɗa masa sana'ata ƙarara, ya ce to ba zai ba ni wanda ke faɗar da suga ba tunda rayukan mutane ne a bayana, ya ƙara mini wata ƙwaya a kan metformin. Matsalata ita ce kuɗinta. Akwai watan da na riƙa shan ta kwana ɗaya in tsallake ɗaya don ta kai ni ƙarshen wata, kuma na san masu allura da ke rage abin da aka ce su yi saboda wannan dalili. Ku yi lissafin kwalba da sirinji da tsinken gwaji tun yanzu, ku raba a tsakaninku ku 'ya'yanta, kada a fara a tsaya a hanya.

Malam_Badarawa:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na san abin da ke hana dattawanmu da yawa karɓar allura shi ne azumi. Malamai da dama sun tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, haka ma ɗigon jinin da ake ɗiba a yatsa don gwaji. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. Likitoci sun ce mai azumin da sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya karya azumin nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba, kuma irin Hajiya mai shekaru da raunin ƙoda suna cikin waɗanda ake ba shawarar kada su ɗauka. Ku haɗa ta da malamin da take girmamawa ya yi mata bayanin ramuwa da ciyarwa, domin daga bakinsa za ta fi karɓa.

Uwar_Biyu_Malali:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Yaya duk abin da kuka rubuta, musamman labarin Baba na Kakuri, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya tuna ƙanin mahaifin namu ya yi shekaru yana ƙin allurar kafin ya karɓa. Bai ce ya amince ba tukuna, amma ya ce zai bi mu asibiti ranar Talata ya yi tambayoyinsa da kansa, har da maganar ƙwayar da Likita ya ambata. Abin da ya rage mana shi ne Hajiya ba ta gani sosai balle ta karanta layin sirinji, kuma jikarta mai shekara 15 ce kaɗai ke kwana da ita. Ga shi sau da yawa ba ta cin abincin dare, sai ta ce ba ta jin yunwa. Dole kuma in faɗi gaskiya, tunda ba mu tsayar da magana ba har yau tana shan ƙwayoyin nata biyu, domin mun ji tsoron barin ta ba magani. Jiya da hantsi ma ta ce jiri yana ɗibarta, sai da ta sha koko ta ji daidai.

Sista_Barnawa:
'Yar uwa, kada ku jira Talata. Jirin da koko ya kawar alama ce ta faɗuwar suga, kuma likitanta ya riga ya ce a dakatar da waɗannan ƙwayoyin. Ku koma gobe da safe ku faɗa masa abin da ya faru jiya, domin ya ba ta abin da zai maye gurbinsu. A daren yau kada ta kwanta ba ta ci komai ba, a ajiye suga da ruwa kusa da ita, kuma wani babba ya kwana a gidan. Ku zuba duk magungunan da take sha a leda ku tafi da su, har da na ciwon gwiwa da na gargajiya idan akwai, ku kuma tafi da jikar tata a koya mata gwaji a gaban ma'aikaciyar jinya.

Maman_Sadiq_Rigasa:
Ku tambayi likitan ko za a samu insulin na alƙalami maimakon kwalba da sirinji. Ana murza bayansa ne yana ƙara ƙas, ƙas, lambar kuma tana fitowa a wata 'yar taga, don haka ya fi sauƙi ga mai raunin gani, ko da yake ya fi tsada. Maganar rashin cin abincin dare kuwa ku faɗa masa tun kafin ya ɗauki biro, domin akwai irin da dole a ci abinci bayan an yi shi, akwai kuma wanda ake yi sau ɗaya a rana. Idan an fara, a riƙa sauya wurin allurar tsakanin ciki da cinya, kada a dage wa wuri ɗaya har ya yi ƙullutu. Ki dawo ki faɗa mana yadda kuka yi da shi.